Kamu na Uku: Tara, Gidan Yari, Bostal ko Asibiti?

Sati biyu da kama ɗanta, ƙanwata ta zo gidana bayan sallar isha'i. Ba ta yi kuka ba, hawayen sun ƙare tun a kamu na biyu. Ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Yaya, Barista ya ce in yaron nan ya amsa laifinsa, za a ba mu dama a roƙi alƙali sassauci. To me zan ce a roƙa? Wancan karon tara na roƙa, aka kuma ba ni, ga shi ka ga inda ta kai mu."

Shekarar yaron 19. An same shi da ƙulle-ƙullen wiwi a cikin safa, da 'yan katunan tiramol a aljihun wando. Ba shi da shago, ba shi da babur, wayarsa ma gilashinta a tsage yake. A karon farko 'yan sintirin unguwa ne suka riƙe shi, aka kashe maganar a zauren mai unguwa da ban haƙuri da alkawari. A karo na biyu ta kai kotu, aka yanke masa ɗauri da zaɓin tara, uwar ta sayar da firijin da take sana'ar ƙanƙara da zoɓo da shi ta fanso shi. Ba a cika wata biyar ba aka sake kama shi, a lungun nan dai da aka kama shi a baya.

Tambayarta ta hana ni sukuni, na yi ta bin lauyoyi da ma'aikatan lafiya da iyayen da suka riga mu shiga wannan hali. Abin da na tattaro ne zan shimfiɗa a nan, domin gidaje irin namu suna da yawa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha kayan maye a Najeriya cikin shekara guda, ban da giya da sigari, kuma a jihar Kano kaɗai adadin ya haura miliyan ɗaya. Kowane ɗaya daga cikinsu a hannun wani yake saye, kuma mai miƙa masa a lungu galibi yaro ne irin namu, mai kwantenar kuwa ko hanyar lungun bai sani ba.

A fara sanin a gaban wa ake tsaye. Duk wanda hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta gurfanar, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'arsa. Dokar da ta kafa hukumar tun 1989 take, kuma a takarda tana da tsauri ƙwarai: wanda ya sayar, ɗaurin rai da rai; wanda aka samu da kayan a hannunsa yana sane, shekara 15 zuwa 25. Takardar tuhuma takan kira wiwi makamancin hodar iblis, domin da wannan lafazin yake shiga ƙarƙashin sashen. Dokar ba ta auna nauyi ba, ba ta raba mai ƙulli talatin da mai tirela ba. A Ingila alƙali yana da jadawali a gabansa, yana duba nauyin kayan, yana kuma duba matsayin mutumin, ko shi ne uban tafiyar, ko na tsakiya ne, ko ɗan aike. A nan gida wannan rarrabewar tana hannun mai shari'a, kuma a aikace suna yin ta. Shi ya sa ƙananan masu sayarwa da suka amsa laifi kan sami watanni ko 'yan shekaru, sau da yawa da zaɓin tara. Sai dai iskar da ke kaɗawa daga sama ta ƙarin tsanani ce. Shugaban hukumar, Buba Marwa, ya sha neman a soke zaɓin tara, kuma a watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta kai ga amincewa da hukuncin kisa ga masu safara, kafin daga baya a tsaya a kan rai da rai.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a ɗora wa mai laifin farko ƙarshen hukunci. Yaronmu ya riga ya fita daga wannan inuwar. Abin da ya rage masa a dokar biyu ne: za a lissafa masa kwanakin da ya yi a tsare yana jiran shari'a, kuma gyaran mai laifi yana cikin manufofin da aka ce alƙali ya duba kafin ya yanke hukunci.

Kafin a roƙi komai, a nemo shaidar shekaru. Wanda bai kai 18 ba yaro ne a idon Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokokin jihohin da suka bi sahunta, ba a kai shi gidan yarin manya, kuma ita kanta dokar NDLEA ta ba kotu damar ta tura ƙaramin yaro magani ko karatu a madadin hukunci. Daga 16 zuwa ƙasa da 21 ƙofar Bostal, wato gidan horon matasa masu laifi, a buɗe take. Daga 21 ta rufe. Yaranmu da yawa ba su da takardar haihuwa, shekarun da aka rubuta musu da ka ranar kamu su ne ke bin su har gaban alƙali. Katin rigakafi, rajistar firamare, takardar jarrabawar ƙaramar sakandare, duk wanda aka samu a miƙa wa lauya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a kyauta. Kuma kada yaro ya amsa tuhumar da aka karanta masa da Turanci bai fahimta ba. Haƙƙinsa ne a kawo masa tafinta.

To, tara. Ita kowace uwa take fara roƙo, kuma ba zan ga laifinta ba. Yaro zai kwana a gida, bai cuɗanya da tsofaffin fursunoni ba, bai rasa wurin koyon sana'arsa ba. Ga wanda aka kama karon farko, wanda kwana uku a bayan kanta suka riga suka girgiza shi, tana iya wadatarwa. Amma a tambaya, wa yake biya? A gidanmu firiji ne ya biya. Hukuncin ya tsallake yaron ya faɗa kan uwarsa da ƙannensa da ke cin abinci da kuɗin ƙanƙara. Abin da shi ya koya kuwa shi ne kamun yana da farashi, kuma akwai mai biya.

Akwai kuma abin da ya ɓoye mana, sai da na je ganinsa a inda yake tsare ya fito da shi. Muna tsaye waya ta raba mu, hayaniyar masu ziyara ta cika wurin, gandiroba yana ƙirga mintoci. Na ce masa, "Ka dubi Allah ka faɗa min, me ya mayar da kai?" Ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya ce, "Kawu, kayan da aka kama ni da su wancan karon ba nawa ba ne. Ɗauka nake in sayar in kai kuɗi. Kwana biyu da fitowata mai kayan ya aiko, ya ce shi bai san zancen kamu ba, kuɗinsa yake so. Na ce ba ni da shi. Ya ce to in zo in ɗauki wasu, yana cirewa a hankali."

Wannan ita ce igiyar da yawancin iyaye ba sa gani. Ƙaramin mai sayarwa ba shi da jari, a kan amana yake karɓa, kuma duk kamu bashi ne sabo a kansa. Tarar da muka biya ta shiga asusun gwamnati, bashin dila yana nan daram. Muka ɗauko yaron daga kotu muka mayar da shi unguwar da mai binsa yake, muna murna. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Tun daga ranar na daina auna hukunci da tsanani ko sauƙi, na koma tambayar wanne ne zai raba shi da wannan mutumin, da wannan lungun, da abin da yake haɗiya.

Wani abu kuma game da tara: ga wanda ba shi da ita, ɗauri ce kawai. A watan Nuwamban 2023 Ma'aikatar Cikin Gida ta fara sakin fursunoni 4,068 da ke zaune saboda sun kasa biyan tara, bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu. In ka raba, ba ta kai dubu 150 a kan kowane mutum ba. Don haka wanda zai roƙi tara ya tabbata yana da ita, ya kuma tabbata yana da inda zai kai yaron a ranar da ya fito, wanda ba tsohon ɗakinsa ba.

Sai gidan yari. Ba zan raina hujjar masu cewa a ɗaure shi ba. A layinmu akwai matar da ɗanta ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya fara shan ƙwaya, ta kama shi da rabin tiramol a cikin murfin biro. Wani ne ya sayar masa, kuma wanda ya sayar ɗin ya ga kayan makaranta a jikinsa. In wannan matar ta ce a kai mai sayarwa gidan kaso, wa zai ce ba ta da gaskiya? Ɗauri yana tsayar da hannun yaro na wani lokaci, yana nuna wa ƙannensa cewa abin ba wasa ba ne, yana kuma ba unguwa damar ta sarara. Ko a Ingila, wanda ya kai 18 aka same shi karo na uku da fataucin manyan ƙwayoyi irin su hodar iblis da hiroyin, mafi ƙarancin ɗaurinsa shekara 7 ne, sai in da wani dalili na musamman. Maimaita laifi yana da nauyi a ko'ina. Amma a lura, wiwi ba ya cikin wannan rukunin a can.

Yanzu a dubi gidan da za a kai shi. Gidajen yarin ƙasar nan suna riƙe da mutum kimanin 80,000, kusan kashi biyu cikin uku jiran shari'a suke, kuma da yawan gine-ginen na zamanin Turawa ne. Na Kurmawa a Kano tun wajen 1910 yake. A 2019 an sake wa hukumar gidajen yari suna ta koma ta gyaran hali, dokar ta kuma ce kada a haɗa matasa masu laifi da manya. Sai dai ɗan shekara 19 da aka yanke wa ɗauri, cikin manya zai kwana. Akwai makaranta a wasu gidajen, har da cibiyoyin Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, akwai ɗakunan koyon ɗinki da kafinta, amma masu dogon zama ne suka fi morarsu. Wata shida ko tara sun isa yaro ya rasa ubangidansa na sana'a, ya rasa budurwarsa, ya rasa kunyar da ta rage masa, amma ba su isa ya koyi yanka riga ba. Abin da zai koya da sauri shi ne sunaye da lambobin waya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya shiga ya san dila ɗaya yana iya fitowa ya san biyar, har da wanda zai ba shi kaya da rahusa ya biya na farkon.

Ƙasashen da ke ajiye lissafi sun ga haka. A Ingila fiye da rabin waɗanda aka ɗaure ƙasa da shekara guda suna sake aikata laifi cikin shekarar da suka fito, kuma da aka gwada su da masu irin laifinsu da aka hukunta a waje, na wajen sun ɗan fi su shiryuwa. Scotland ta sa doka a 2019 cewa alƙali ya guji ɗaurin wata 12 ko ƙasa da haka sai in babu makawa, kuma tun 2022 take da ƙa'ida ta daban ga 'yan ƙasa da shekara 25, saboda likitoci sun nuna ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna abin da zai je ya dawo ba ya gama nuna sai wajen waɗannan shekarun. Ba na cewa a kwafo nasu a liƙa a namu, domin su suna da ma'aikatan da ke bin yaro gida-gida. Amma darasin gajeren ɗauri ɗaya ne a can da nan.

Shi kuma lungun ba ya zama wayam. Dila yana da yara a layi, kafin sati ya zagayo wani ya gaji wurin. Sannan akwai haɗarin da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Jikin da ya yi watanni bai sha ƙwaya mai dangantaka da hiroyin ba, irin su tiramol da kodin, ya manta da ita. In yaro ya fito ya haɗiyi adadin da ya saba, numfashinsa yana iya tsayawa. Nazarin da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna mutuwa ta wannan hanya ta fi yawa ninki 3 zuwa 8 a sati biyun farko bayan fitowa, in aka gwada da makonnin da ke biye.

Duk da haka akwai yaron da ɗauri ne ya dace da shi, kuma iyaye su yi wa kansu adalci a nan. In yana tsayawa a bakin makaranta, in yana yawo da wuƙa ko ɗan-buda, in yana da ƙananan yara da yake aika, in shi ba ya sha sai dai ya tara kuɗi, to ya bar matsayin ɗan aike ya fara zama dila. Roƙa wa irin wannan asibiti yaudarar kai ce, kuma zalunci ne ga 'ya'yan maƙwabta.

Bostal tana tsakanin biyun. Sunan wani ƙauye ne a Ingila inda aka fara irin wannan gida a 1902, mu kuma dokarmu ta 1962 ce. Gidaje uku ne sanannu, a Kaduna da Ilori da Abeokuta, duka na maza. Dokar 2019 ta ce a gina na maza da na mata a kowace jiha, amma har yanzu waɗannan ukun ake ambata a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Yarinyar da ta faɗa wannan hali ba ta da wannan zaɓin, abin da ya kamata ya dame mu fiye da yadda yake damunmu. A ciki akwai aji, akwai zana jarrabawar gama sakandare, akwai walda da ɗinki da kafinta da wayarin, akwai lokacin tashi da na kwanciya. Yaro yana cikin sa'o'insa, nesa da masu kisa da fashi, nesa kuma da mai binsa bashi.

Amma zaman yana iya kaiwa shekara uku, wato ya fi ɗaurin da wataƙila za a yi masa tsawo. In ka tambayi yaron, wata shida a gidan yari zai zaɓa. Wurin kan cika, domin ban da waɗanda kotu ta kai, akwai waɗanda iyaye suka kai don sun gagare su. Dukansu kuma 'yan matsala iri ɗaya ne, hirar dare ba za ta wuce ta ƙwaya ba. Ba asibiti ba ce. Ita ma Ingila da ta ƙirƙiro ta, ta soke tsarin tun 1982. A ganina Bostal ta fi dacewa da yaron da gida ya kasa riƙe shi: uba ba ya nan, uwa tana fita nema, babu kawu ko baffa da zai tsaya, kuma ya bar makaranta ba shi da sana'a. Ga irin wannan, shekara biyu da takardar sakandare da hannu a walda sun fi wata shida da komawa kango.

Za a ji wasu na cewa a roƙi aikin yi wa al'umma hidima ko ɗaurin talala. Dokar 2015 ta kawo su, amma ta ce ba a ba da su a laifin da hukuncinsa ya wuce shekara 3, kuma mun ga abin da dokar NDLEA ta rubuta. Kada wani ya karɓi kuɗinku da alkawarin zai samo muku sharar titi. A tambayi lauya ƙarara a ƙarƙashin wane sashe aka tuhumi yaron.

Na bar magani a ƙarshe domin shi ne ya fi buƙatar a faɗi gaskiya. Tambayar farko ita ce, yaron yana sha? Namu yana sha. Tiramol ɗin da hukumar NAFDAC ta yarda da shi mai miligiram 50 ne da 100, na lungu kuwa 200 ne da 225 har 250. Shi yakan haɗiyi na 225 tun da safe, ribar ƙullin da yake sayarwa kusan duk a cikinsa take ƙarewa. Wanda ya kai nan, in ya daina kwatsam, ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa da rashin barci za su taso masa, har ya ji kamar fatarsa ba tasa ba. In kuma yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diyazifam, yankewa lokaci guda tana iya jawo farfaɗiya. Aikin likita ne, kulle ɗaki ba ya yin sa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai cibiyar gyaran hali ta Ƙiru, kuma ita kanta NDLEA tana da ɗakunan ba da shawara da jinya a ofisoshinta da dama.

A doka, ga wanda ya haura 18, kotu tana iya ƙara umarnin magani da gyara a kan hukuncin da ta yanke. Ke nan abin da ake iya roƙa a zahiri shi ne ɗauri gajere da za a ƙirga tun daga ranar kamu, a haɗa da umarnin jinya. Wahalarsa kuwa ga ta. Kuɗin gado da magani iyali ne za su biya, kuma yana iya fin tara. Wuri ba kullum ake samu ba. Yaro yana iya gama wata uku tas ya fito ya zame, domin zamewa tana cikin halin wannan ciwo, kamar yadda hawan jini kan tashi bayan ya sauka. Kuma magani yana wanke jiki ne, ba ya goge bashi, ba ya sake wa yaro abokai.

Amurka ta daɗe tana gwada haɗa kotu da jinya. A Miyami aka buɗe kotun ƙwaya ta farko a 1989, inda alƙali ɗaya yake ganin mutum akai-akai yana duba sakamakon gwajin fitsarinsa. A Hawai wani alƙali mai suna Steven Alm ya fara wani tsari a 2004: duk wanda aka saka bisa sharaɗi ya saɓa shi, nan take zai yi 'yan kwanaki a tsare, babu jira babu roƙo. A can sake kamu ya ragu da fiye da rabi. Da aka kai tsarin wasu jihohi sakamakon bai yi armashi haka ba, abin da ke nuna cewa aikin yana ga mutanen da ke tsaye a kai. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, matashi ba ya tsoron shekara 25 da ke rubuce a littafi, yana tsoron abin da ya tabbata zai same shi gobe da safe. Mu ba mu da ma'aikacin da zai riƙa bin yaronmu, don haka in iyali ba za su zama wannan ma'aikacin ba, kada su roƙi magani.

Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a biya tara a wuce da shi gidan mari. Na ƙi, kuma zan ƙi ko sau nawa ne. Duk mun ga abin da aka fito da shi a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, sannan aka ga irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, rasa mafita suka yi. Addu'a da karatu da zama da malami nagari suna da babban wuri a shiryuwar yaro, ni ma da su na dogara. Sarƙa ba ta cikinsu.

Da muka zauna da ƙanwata da Barista, tambayoyi muka yi ta jefa wa juna. Yana sha? E. Ya taɓa ɗaukar makami? Ba a taɓa samunsa da shi ba. Yana da yara a ƙarƙashinsa? Shi ne ma na ƙarshe a layi. Ya taɓa sayar wa 'yan makaranta? A nan ƙanwata ta yi shiru. Ni na koma na tambaye shi, ya ce wanda duk ya miƙo kuɗi yana ba shi, bai taɓa duba fuska ba. Wannan amsa ta yi min nauyi, kuma ita ta sa na ce ba za mu roƙi a sake shi haka nan ba, kwanakin da yake yi a tsare yanzu haƙƙin waɗancan yaran ne. Tambaya ta ƙarshe ita ce, akwai gidan da zai karɓe shi a wani gari? Da babu, Bostal zan ce a roƙa kai tsaye.

Akwai. Wani abokina mai walda a Haɗeja ya yarda zai riƙe shi, ya rubuta da hannunsa ya sa hannu. Likita ya ba da takarda cewa akwai gado in kotu ta amince. Ni na rubuta cewa zan tsaya masa, zan kai shi gwajin fitsari duk wata, in kuma kai wa lauya sakamakon ko mai kyau ne ko marar kyau. Shaidar shekarunsa mun samo ta daga rajistar firamare. Maganar bashi kuwa mun yanke ba za a ba dila ko kwabo ba, domin wanda ka biya yau ya gane gidan yana da abin tatsa. Abin da yaron ya sani game da shi ta hannun lauya zai bi, ba ta bakin 'yan unguwa ba, kuma sai bayan ya bar garin. Mun kuma faɗa wa yaron a gaban uwarsa cewa in ya sake taka lungun nan, babu wanda zai je ofishin kowa roƙo.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, in alƙali ya ƙi fa?" Na ce mata Barista zai roƙi Bostal a matsayin na biyu, tunda da sauran fiye da shekara guda kafin ƙofar ta rufe. In kuma ɗauri aka yanke, to za mu riƙa zuwa ziyara ba fashi, ranar fitowarsa kuma ni zan tsaya a bakin ƙofa da mota, daga nan sai asibiti, ba zai ko biya ta gida ya sha ruwa ba. Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta. A bakin zaure ta juyo ta ce wata mai zuwa ita ke da ɗaukar adashi, kuma ta riga ta gaya wa uwar adashin kada ta ba kowa kuɗin, na gadon asibiti ne.